"Ai mota aka ce": yadda muke zare kanmu daga gargaɗin da ke jikin magani

Da hunturu ya kama a Sakkwato, daga Disamba zuwa Janairu, babu sana'ar da ta kai ta mai kemis ciniki. Ƙura ta tashi, maƙoshi ya bushe, hanci ya toshe, daga Mabera har Runjin Sambo kowa na neman abin da zai sassauta masa: Piriton, Procold, Mixagrip, Benylin da danginsu. A jikin kwalin mafi yawansu akwai wani gargaɗi da ƙananan haruffan Turanci, yana cewa maganin zai iya sa barci, kuma idan ya sa mutum, kada ya yi tuƙi ko ya yi aiki da inji. Gargaɗin gaskiya ne, babu ƙari a cikinsa. Abin da ke damuna shi ne an rubuta shi ta yadda kusan kowa a garin nan zai iya samun ƙofar da zai fita daga cikinsa, kuma muna fita ɗin, cikin kwanciyar hankali, ba tare da mun ji mun yi wani ganganci ba.

Ƙofa mafi faɗi ita ce ta inji. Idan ɗan boko ya karanta wannan layi, hoton da ke zuwa masa a rai shi ne katafilar da ke gyaran hanya, ko manyan injinan kamfanin siminti na Kalambaina. Tun da shi ba can yake aiki ba, maganar ta wuce shi. Ɗan kabu-kabu kuma idan aka fassara masa, amsarsa a shirye take: "Ai mota anka ce, ni mashin ni ka tuƙi." Mai keke Napep ma haka. Saura kuwa ba su ma ɗauka suna cikin zancen ba, alhali su ne suka fi yawa. Akwai yaron da ke tsaye a gaban injin niƙa, wanda bel ɗinsa ke juyawa a fili babu murfi, yana tura hatsi da hannu, rigarsa na reto. Akwai matar da ke markaɗe a zaure da gefen hijabinta kusa da bel ɗin. Akwai mai zarton lantarki a 'yan katako, da mai walda da injin yankan ƙarfe, da mai injin casar shinkafa, da manomin rani da ke tayar da injin ban ruwa a fadamar Kwalkwalawa, da mai kwale-kwalen inji da ke ƙetarar da mutane a yankin Goronyo. Har waɗanda ba su taɓa inji ko kaɗan suna ciki: magini a saman bene, mai gyaran wuta a kan tsani, wanzami da askarsa a kan jariri, mai ƙosai a gaban tafasasshen mai. Girman ƙarfen ba shi ne ma'auni ba. Ma'aunin shi ne: idan hankalinka ya ɗauke na ƙiftawar ido, ko hannunka ya makara, wa zai ji ciwo?

Kuma ƙiftawar ido ba ƙaramin abu ba ce a kan hanya. Babur mai gudun kilomita 60 a awa yana cin kusan mita 17 a kowace daƙiƙa. Idan magani ya jinkirta hannun mai shi rabin daƙiƙa kafin ya kama birki, ya riga ya ƙara mita 8 a kan inda ya kamata ya tsaya. A shataletalen Gawon Nama da hantsi, mita 8 ta ƙunshi babura biyu da mai tura baro.

Ƙofar da ta fi ba ni tsoro ita ce ta mutumin da ya karanta, ya fahimta, ya yarda babur ɗinsa na ciki, sannan ya ce: "Ni ba shi sa ni kwana." Laifin a nan har da na gargaɗin kansa, domin cewa ya yi "idan ya sa ka", wato ya bar wa mai shan maganin alƙalanci a kan kansa. To, ɓangaren jikin da zai yi alƙalancin, shi ne wanda maganin ya fara taɓawa. Sinadaran da ke cikin waɗannan magunguna, kamar chlorpheniramine na Piriton da Procold, da diphenhydramine na wasu magungunan tari, da promethazine na Phenergan, tsofaffin zubi ne. Suna shiga ƙwaƙwalwa su danne wani sinadari mai suna histamin, wanda shi ne ke sa hanci zuba da atishawa, amma a ƙwaƙwalwa aikinsa riƙe mutum a farke. Shi ya sa majina ke tsayawa, kai kuma ya yi nauyi.

A shekarar 2000 masu bincike a Jami'ar Iowa ta Amurka sun sa mutane tuƙi a cikin na'urar da ke kwaikwayon mota da hanya. Wata rana a ba su diphenhydramine miligiram 50, wata rana a ba su giya har ta kai iyakar da doka ke kiran mutum bugagge a wasu jihohin ƙasar a lokacin, wata rana a ba su sabon maganin da ba ya sa barci, wata rana kuma ƙwayar da babu komai a ciki. Tuƙinsu ya fi lalacewa ranar da suka sha diphenhydramine, har fiye da ranar giya. Abin da ya fi muhimmanci gare mu shi ne, da aka tambaye su ko suna jin barci, amsoshinsu ba su nuna wanda tuƙinsa ya lalace ba. Mutum na iya rantsewa idonsa biyu, ya kuma yi gaskiya, motarsa kuwa tana yawo a kan layi. A garin da uba zai iya korar ɗansa daga gida a kan kwalbar giya, uban nan zai sha cokali biyu na maganin tari, ya ɗora 'ya'ya uku a kan babur zuwa makaranta, babu wanda zai ce masa uffan, shi ma bai san da wani abin faɗa ba.

Af, layin da ke biye da wannan gargaɗi a kwali yakan ce kada a haɗa da giya. Wannan ma yana ƙara nesanta mu da zancen, sai mu ji kamar da wasu mutane ake, can wata ƙasa. Amma muna da namu abin da ke yin aikin giyar, wato haɗi. Mutum ya je kemis ya ce mura da tari da ciwon jiki, a haɗa masa na ɗari biyar. Sai a zuba masa Piriton guda, Procold guda, a ƙara da kwalbar maganin tari. Sunaye uku, kala uku, amma biyu daga ciki sinadari ɗaya ne, na ukun kuma ɗan'uwansu ne. Shi a ganinsa magani uku ya sha na ciwo uku, alhali abin sa barci ya ninka. A ɗora wannan a kan rashin barcin da ya riga ya taru. Daga Maris zuwa Mayu zafin Sakkwato na haura digiri 40, ga rashin wuta, mutum ya kwana yana juyi a tsakar gida. A goman ƙarshe na azumi ga tahajjud ga sahur. Direban da ya ɗauko albasa ko shanu zuwa Legas kuwa, barcinsa ma a kan benci yake yin sa, idan ya samu. Ƙwayar da mai hutu zai sha ya ɗan yi hamma, ita ce za ta kwantar da irin wannan mutum a kan sitiyari tsakanin Tureta da Talatar Mafara.

Maganin da muka sama wa wannan shi ne goro, ko shayi mai kauri da Nescafe, ko gwangwanin lemon ƙara kuzari. Suna buɗe ido na ɗan lokaci, ba musu. Amma ba sa fitar da maganin daga jini, kuma chlorpheniramine yana daɗewa: a jikin babba yakan kai kusan kwana guda kafin rabinsa ya fita. Ƙarfin goro zai sauka tun kafin nan. Wannan ne ma ya sa shawarar "ka sha da dare" ba ta rufe magana gaba ɗaya, duk da ta fi shan sa da hantsi nesa ba kusa ba. Wanda ya sha ƙarfe goma sha ɗaya na dare ya fita lodi bayan asuba, da sauransa a jikinsa. A Amurka, a 2013, hukumar kula da magungunansu sai da ta rage wa mata adadin wani maganin barci mai suna zolpidem daga miligiram 10 zuwa 5, saboda an gano da safe yana nan a jinin wasu har ya isa ya ɓata musu tuƙi.

Duk wannan magana ce a kan wanda gargaɗin ya isa gare shi. Mafi yawanmu bai taɓa isowa ba. Ba da kwali muke sayen magani ba. Almakashi ake sa wa a yanko ƙwaya biyu ko huɗu, kwalin da takardar da ke ciki su tafi kwandon shara. Sau da yawa ma yaro aka aika, kuma ko an faɗa masa wani abu, kafin ya iso gida ya rage "an ce biyu da safe biyu da dare". A asibiti, ƙaramar ambulan ce da aka ja wa layi uku, ga layin mutane har waje, ga ma'aikaci guda a taga. A tasha da kasuwannin ƙauye kuwa mai talla ne da tire a ka, magani a rana, shi kansa ba karanta kwalin yake yi ba. Ko an ba mutum kwalin ma, a jihar da dubban dattawa ke karanta Larabci da ajami ba gargada amma ba su yi boko ba, rubutun Turanci mai ƙanƙanta irin wannan ado ne kawai.

Sannan akwai masu fahimtar gargaɗin a juye, kuma su ba a cika maganarsu ba. Direban da aka ɗora a kan maganin hawan jini, irin su methyldopa, ya ji yana sa shi kasala a makon farko, sai ya ajiye shi shiru don kada ya rasa mota. Mai farfaɗiya da ke karɓar carbamazepine ko phenobarbitone, ko wanda ke zuwa asibitin ƙwaƙwalwa na Kware, ya ga maganin na hana shi aiki, sai ya riƙa tsallake kwanaki. Wannan ya fi na farkon haɗari, domin farfaɗiyar da ta tashi a gaban inji, ko jinin da ya hau a kan hanya, ba sa ba da sanarwa. Irin waɗannan magunguna likita na iya sauya lokacin shan su, ko adadinsu, ko ya canza wani, kuma kasalar kan ragu idan jiki ya saba. Sai dai likita ba zai yi haka ba idan bai san mutumin direba ne ba, majinyacin kuma yana tsoron faɗa kada a ce ya bar tuƙi. Mai ciwon suga shi nasa ma ba barci ba ne. Idan ya sha glibenclamide ko ya yi allurar insulin bai ci abinci ba, suga na iya faɗuwa: zufa, rawar jiki, ganin duhu, rikicewa. Wanda aka koya wa cewa alamar haɗari ita ce hamma, ba zai gane wannan ba sai ya makara.

Wasu kuma nauyin kan shi ne shaidar ingancin magani a wurinsu. "Wanga magani na da ƙarhi, yak kwantar da ni." Idan aka ba su wanda ba ya sa barci sai su ce jabu ne. Ga kuma matasan da gargaɗin ya zame musu talla, suna bin kwali suna neman wanda aka ce yana sa barci. Gwamnatin Tarayya ta hana yi da shigo da maganin tari mai kodin a Mayun 2018, kuma binciken ƙasa na 2018 da aka gudanar tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 masu shaye-shaye, miliyan 4.6 daga ciki masu shan irin su tramadol ba bisa ƙa'ida ba. Matsala ce babba, ana kuma yawan maganarta a mumbari da rediyo. Amma yawan maganar ya buɗe wa mutumin kirki wata ƙofar: duk sanda aka ce magani da tuƙi, sai ya ce ai da 'yan ƙwaya ake, shi kuwa ko sigari bai taɓa sha ba. Jini bai san niyya ba. Piriton ɗin da liman ya sha don mura, aikinsa ɗaya da wanda wani ya sha don maye, in dai adadin ɗaya ne.

Na san abin da za a ce, kuma magana ce mai nauyi. Ɗan kabu-kabun da babur ɗin ba nasa ba ne, dole ya kai wa mai shi balas da yamma, mura ko ba mura. Yaron injin niƙa idan bai fito ba, gobe wani ne a wurin. Ce wa irin wannan mutum "kada ka tuƙa" daidai yake da ce masa yau kada a ɗora tukunya a gidansa. Ba zai bi ba, kuma ni ba zan kira shi jahili ba. Gargaɗin da ya tsaya a kan hani kaɗai an rubuta shi ne don mai albashi, wanda zai iya kiran ofis ya ce ba ya jin daɗi.

Amma zaɓin ba tsakanin yunwa da haɗari kaɗai yake ba, kuma wannan ne abin da ba a gaya wa mutane. Mura ƙwayar bairos ce ke kawo ta, takan tafi da kanta cikin kusan mako guda, duk waɗannan magunguna sassauci suke kawowa, ba kashe ta suke yi ba. Mai ciwon kai da zazzaɓin mura, parasitamol kaɗai ya ishe shi da rana, ba ya kuma sa barci. Wanda ƙura ke sa wa atishawa da ƙaiƙayin ido, akwai sababbin zubi kamar loratadine, da ba su cika shiga ƙwaƙwalwa ba. Cetirizine ma yana da sauƙi, ko da yake yana ɗan kama wasu. Sun fi Piriton tsada, gaskiya ne, amma bambancin bai kai kuɗin ɗorin ƙafa ba, balle jinya a asibitin ƙashi na Wamakko. Ga sirace, ga citta da lemun tsami da zuma, waɗanda iyayenmu ba su jira kowa ya koya musu ba. Sabon magani kuma, kowane iri ne, a fara gwada shi ranar da ba a fita, tun da ba a fafe gora ranar tafiya.

Saboda haka ni a ganina nauyin ya fi rataya a wuyan wanda ke miƙa maganin, don shi kaɗai ne ke ganin kwalin yana kuma ganin mai shan. Tambaya ɗaya ce: "Malam, wane aiki ka ka yi?" Idan ya ce kabu-kabu, ko niƙa, ko gini, sai a sauya masa, ko a ce: "Baba, wanga na sa kwana ko ba ka ji ba, ka bar shi sai bayan lisha, kuma in da sammako za ka yi, kak ka sha." Bai kai minti ɗaya ba. Hukumar kula da harhaɗa magunguna ta ƙasa ce ke ba masu kemis lasisi, suna kuma da ƙungiyarsu mai taro da shugabanni har matakin ƙaramar hukuma. Idan za a iya tara su a kan kuɗin sabunta lasisi, za a iya tara su a kan wannan tambaya.

Za a kuma ce gargaɗin ya yi yawa, kusan kowace takardar magani na ɗauke da shi, kamfanoni na rubutawa ne don kare kansu daga ƙara a kotu, shi ya sa ba mai kulawa. Da gaskiya a ciki. Idan aka yi wa maganin da ke ɗan sa jiri da wanda ke kwantar da ƙato gargaɗi iri ɗaya, mutum zai daina bambancewa. Faransa ta ga wannan. Tun 1999 take sa hoton mota a cikin alama mai kusurwa uku a kan kwali, a 2005 kuma ta raba shi mataki uku: rawaya, a yi hattara a karanta takarda, ruwan lemo, kada a tuƙa sai an tambayi ma'aikacin lafiya, ja, kada a tuƙa sam. A Birtaniya, a 2011, sai da suka sake rubuta gargaɗin nasu da kalmomi masu sauƙi, suka kuma ambaci kayan aikin hannu tare da injina, bayan bincike ya nuna Turawan kansu ba sa fahimtar tsohon yadda ake so. Idan mai harshen ya rikice, ina ga manomin Wurno? NAFDAC na da ikon tsara abin da ake bugawa a jikin magani kafin ta yi masa rajista. Abin da ya dace da mu shi ne alama mai launi a bayan fallen ƙwayar kansa, a maimaita ta yadda duk inda almakashi ya bi za ta rage a jikin abin da aka yanko. Hoton kuma ya zama na babur, domin duk wanda ya ga babur ya san mota ma na ciki, amma wanda ya ga mota sai ya ce ban da shi.

Hukumar kiyaye haɗurra tana da rukunin barci a kan sitiyari, da na gajiya, da na tuƙi cikin maye, a cikin dalilan haɗari da take rubutawa. Sai dai na'urar busawa da ake gwada direba da ita giya take ganowa, ba ta ganin maganin mura. Wanda ya kauce hanya a Dange ko Bodinga saboda ƙwayar naira hamsin, gudu ko gajiya za a rubuta masa, dangi kuma su ce kwana ya ƙare. Mun yi imani da ƙaddara. Amma addinin da ya koya mana ita shi ne ya ce babu cuta babu cutarwa, kuma fasinjan da ke bayan babur bai sha komai ba, bai kuma san an sha ba. Wannan fiƙihu ne da malamanmu za su iya warwarewa a huɗuba ɗaya farkon hunturu, gidan rediyon Rima ya maimaita, shugabannin tasha su faɗa wa direbobi a wurin lodi.

Wanda aka fi mantawa da shi a wannan zance shi ne mai dukiyar: alhajin da ya saya wa yara babura goma, ko hajiyar da ke da injin markaɗe ta sa ɗan maƙwabta ko almajiri yana kula da shi. Su ne ke da ikon da gargaɗin kwali ba shi da shi, ikon cewa "yau ka huta, na yafe balas", ko aƙalla "me ka sha?" idan yaro ya zo da jajayen idanu yana jan hanci. Idan babur ya faɗi, asarar gyara a kansu take. Idan bel ya kama hannun yaro, su za a fara nema a asibiti da wurin 'yan sanda, kuma yaron da ya rasa yatsu huɗu yana shekara goma sha biyar, a unguwarsu zai ci gaba da zama.